Zuwa Ga Yaya Auwalu, Kan Shirun Nafisa

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Auwalu direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Ni ce Sa'adatu.

Na san mamaci ba ya karɓar wasiƙa. Na kuma san masu karanta wannan a shafina rayayyu ne irina, da yawansu ba su taɓa shiga motarka daga tashar Rano zuwa Kano ba, ba su ma san an yi ka ba. Amma tun muna yara a gidanmu na Kibiya, duk abin da ya tokare mini ƙirji wurinka nake kawo shi. Wannan kuwa ya tokare, kuma maganar 'yarka ce.

Mutanen gida suna nan ƙalau. Inna dai ƙafar nan ce ke matsa mata, yanzu a zaune take sallah. An shigo da amfanin gonarka, gero da gyaɗa, abokanka na tasha ne suka haɗu suka yi mana gayya. Allah Ya saka musu da alheri.

Ka tuna ranakun Asabar da kake ɗaukata in je karatun ƙarin ilimi a Kano? Kakan hana kowa kujerar gaba, ka ce ta Malama ce. Ni kuma in baje takardu a cinya ina ta haddar abin da za a tambaye mu. Wata rana ka leƙo ka ce, "Wai ni Sa'ade, wannan saikolojin da kike ta ƙus-ƙus a kansa, duba ne ko tsibbu?" Na ce maka ilimin halayyar ɗan Adam ne. Ka ce, "To faɗa min abin da ke raina yanzu." Na ce yunwa. Ka yi dariya har fasinjoji suka taya ka, ka tsaya a bakin hanya ka saya mana dafaffen rogo da ƙuli.

A lokacin ni kaina haddar kawai nake yi saboda jarrabawa. Na iya jero maka cewa ilimi ne mai nazarin abin da mutum ke aikatawa da abin da ke gudana a cikin kansa: yadda yake koyo, yadda yake tunawa da mantawa, yadda tsoro ko murna ko baƙin ciki ke sarrafa shi. Malamin da ya koya mana yakan ce ba a sanin gaibu da shi. Lura ce, da tambaya, da haƙurin jira, sannan mutum ya yarda zai iya yin kuskure. Yakan ce duk halin da ka ga yaro ya fito da shi akwai abin da ya haife shi, don haka malami ya nemo uwar kafin ya doki ɗan. Na rubuta, na ci jarrabawa, na rufe takardun. Ban taɓa zaton a tsakar gidanmu zan buƙace su ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta dogon hutu ka fita. Ba ka saba aiki ran Juma'a ba, kowa ya sani. Tayar wata babbar mota ta fashe bayan an wuce Bunkure, ta yo kanka. Kafin la'asar aka kawo ka. Washegari abokan aikinka suka zo da abin da aka tsinta a motar: hularka, da wayarka da ta tsage, da wata baƙar leda. A cikin ledar takalmin makaranta ne, ruwan ƙasa, sabo fil, daidai ƙafar Nafisa.

Ka san bakin Nafisa. Kai ka sa mata suna rediyo. Yarinya 'yar shekara tara da takan tare ka tun daga zaure ta ba ka labarin duk abin da aka yi a aji huɗu, har da wanda ya yi tusa ya ɗora wa wani. A zaman makokinka ba ta yi kuka ba. Ta ɗebo wa baƙi ruwa, ta kwashe kwanuka, mata suna ta cewa yarinyar nan akwai tawakkali. Matarka Zulai tana ɗaki cikin takaba, ita ma ba ta san inda kanta yake ba. Inna na gefe da nata. Kowa ya ɗauka Nafisa ce ta fi mu ƙarfin zuciya.

Da aka koma makaranta abin ya fara fitowa. A gida sai "eh" da "a'a", daga baya sai ɗaga kai da girgiza shi. A aji kuwa ɗif, kamar an ɗauke wuta. Ta ƙi sa takalmin, kullum da tsohon silifa take zuwa, kullum a fitar da ita a layin safe a zane ta. Fitsarin kwance da ta bari tun tana ƙarama ya dawo. Kowace safiya cikinta na ciwo. Sannan ga wani abu: ka san titi ya bi ta bayan makarantarmu. Duk lokacin da motar haya ta danna hon mai kama da naka, sai ta miƙe tsam a tsakiyar darasi ta nufi taga.

Malam Isyaku shi ne malamin ajinsu. Ba mugu ba ne, Yaya, ya daɗe yana koyarwa, wasu daga cikin yaran motarka ma shi ya koya musu karatu. Amma a wurinsa yaron da aka yi wa tambaya ya yi shiru raini ne, wanda ya tashi ana darasi kuma iskanci ne. Ranar da na ga shatin bulala a ƙwaurinta na same shi a ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Na ce, "Malam, yarinyar nan fa maraicinta ɗanye ne." Ya ce, "Malama, shi ya sa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka ce marainiya ce aka zuba mata ido, ta lalace." Na fara jawo masa abin da aka koya mana, cewa tsoro na toshe ƙwaƙwalwa, yaron da ke tsorace ba ya riƙe karatu. Ya katse ni. Ya ce, "Ni ma na karanta saikolojin nan kafin ke. Amma a littafi yaro ɗaya ne. Leƙa ajina ki gani, har bakin ƙofa suke zaune." Ajina ma haka yake.

A gida kuma wata fassarar ce daban. Inna ta ce iska ce ta shafe ta, wataƙila a hanyar maƙabarta. Aka kai ta wurin wani malamin allo, ya yi mata tofi, ya ba da rubutu. Ni da hannuna na riƙe mata ƙwaryar ta sha, kuma har gobe ban raina addu'a ba. Sai dai zuciyata tana gaya mini akwai abin da yarinyar nan ta haɗiye, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa.

Na nemi lambar malamin nan namu na Kano na kira shi. Ya saurare ni har na gama. Ya ce baƙin cikin yaro ba irin na babba ba ne. Babba yana da kalmomin faɗar abin da ke cinsa, yaro kuwa sau da yawa jikinsa ne ke faɗa masa, da ciwon ciki, da fitsarin kwance, da shiru. Ya ce kada in tsare ta da tambayoyi. In samu wani aikin hannu mu riƙa yi tare, ina gefenta ba ina fuskantarta ba, in riƙa ambaton ka a gabanta kamar yadda ake ambaton mutum, in daina ɓoye sunanka. Ya ce shi daga nesa ba zai iya cewa ga abin da ke damunta ba, kuma in abin ya ƙi sauƙi akwai likitocin wannan fanni a Kano. Da na gaya wa Inna maganar asibiti, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Jikata ba mahaukaciya ba ce. Kada in sake ji." Na yi ta bayani cewa ba sai mai taɓin hankali ke zuwa can ba. Ba ta saurare ni ba.

Sai na koma ga abin da ke hannuna. Kullum in mun taso daga makaranta, in shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, in juye gyaɗar gonarka a faranti, in ce Nafisa zo ki taya ni ɓara. Tana ɓara, ina ɓara, ni kaɗai ke surutu. Na ba ta labarin ranar da ka faɗa rijiyar lambu garin kamo ɗan akuya. Na ba ta labarin yadda ka koyi tuƙi a ɓoye, Baba ya bi ka da sanda har bakin kasuwa. Wata rana in ga gefen bakinta ya motsa, wata rana ko kallona ba ta yi. Makonni suka yi ta wucewa a haka. Gyaɗar ta kusa ƙarewa, ni kuma na fara cewa a raina wataƙila Malam Isyaku ne ke da gaskiya, abin littafi a littafi yake tsayawa.

Wata la'asar ina ba ta labarin ranar sunanta, yadda ka ƙi barin kowa ya ɗauke ta, sai na ji ƙarar ɓarar ta tsaya. Ba ta ɗago ba. Da wata murya da ta dishe saboda rashin amfani ta ce, "Gwaggo, ni na kashe Baba."

Yaya, na daure, na ci gaba da ɓara kamar yadda aka ce in yi. Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Da ƙyar, guntu-guntu, ta fitar da shi. Ran Alhamis da yamma ta yi maka kuka cewa za a koma makaranta takalminta ya tsinke. Ka ce ta bari sai wani satin. Ta ƙi cin tuwo. Ka ce to shi ke nan rediyo, gobe za ki ga takalmi. Sannan a zaman makoki, tana kwashe kwanuka, ta ji wata maƙwabciyarmu tana gaya wa ta kusa da ita, "Ai da ba don takalmin yarinyar nan ba, da yanzu yana gida." Matar ta faɗa ta wuce, na tabbata ta manta ta ma faɗa. Nafisa kuwa ta ɗauka ta riƙe. A lissafinta na yarinya, bakinta ne ya roƙa, bakinta ne ya kashe ka. Shi ya sa ta rufe shi.

Na so in yi mata ƙarya. Wallahi na so in ce shata aka ɗauke ka, dama dole za ka je Kano a ranar. Amma ta ji ka da kunnenta, ta ga ledar da idonta. In na yi mata ƙarya ta gane, na rufe ƙofar da ta buɗe mini ke nan. Sai na ajiye farantin na ce, "Nafisa, gaskiya ne saboda takalminki ya fita. Ya fita ne don yana sonki. Amma ke kika fasa tayar babbar motar?" Ta girgiza kai. Na ce, "Ke kika aiko ta kan hanya a wannan lokacin?" Ta girgiza kai. Na ce, "Duk yaran garin nan suna roƙon iyayensu takalmi. Roƙon takalmi ba ya kashe mutum."

Ashe Inna na jin mu daga ɗakinta. Sai ga ta ta fito tana dafa bango, ita da ba ta iya tashi sai an kama ta. Ta zauna a tabarmar, ta jawo Nafisa jikinta ta ce, "Ke 'yar nan, ni ma ranar na aike shi ya sayo min maganin ƙafa. To ni ma na kashe shi ke nan? Ni da na haife shi? Ajali ne ya kira. Ko a kan gadonsa yake, ranar ce ranarsa." Ban ga maganin ƙafa a cikin kayan da aka kawo daga motarka ba, Yaya, kuma ban tambayi Inna ba.

Ranar Nafisa ta yi kukanka. Ta yi har Zulai ta fito daga ɗaki da gudu, suka haɗu su uku suna yi. Ni na tattara ɓawon gyaɗa ina yin nawa.

Kada ka ce ta warke. Ni ma da farko haka na zata, har na yi sadaka. Maganar gida ta ɗan dawo, takan ce a ba ta ruwa, takan yi wa ƙanenta faɗa. Fitsarin ya ragu bai ɗauke ba. Takalmin har yanzu yana ledarsa, na ce kada wanda ya tilasta mata. A aji kuwa shirun na nan.

Na je na gaya wa Malam Isyaku komai. Ya saurara yana ta juya bulalar a hannunsa. Daga ranar bai sake dukanta ba. Ya ɗauke ta daga jikin taga ya dawo da ita gaba, ya ba ta aikin goge allo, ya kuma hana a fitar da ita a layi saboda silifa. Amma abin da ya faɗa mini kafin in tashi shi ne ya hana ni sukuni. Ya ce, "Wannan tana da gwaggo a makaranta. Sauran fa? Allah kaɗai Ya san abin da kowannensu ya baro a gida."

Tun daga nan kallon da nake yi wa ajina ya canja. Ga wanda kullum yake barci a darasin farko. Ga wadda take razana in na ɗaga hannu zan gyara mayafi. Ga wanda ya iya lissafin baki kamar ɗan kasuwa, amma in aka ce ya rubuta sai ya juya haruffa, an daɗe da yanke masa hukuncin daƙiƙi. Dukanmu malamai mun zauna an koya mana cewa sanin darasi rabin aiki ne, ɗaya rabin sanin wanda ake koya wa. Mun san yaro ba buhu ba ne da za a buɗe a zuba masa karatu a ɗaure. Amma ƙararrawa na bugawa, ga aji ya cika maƙil, ga manhajar da dole a gama kafin jarrabawa, sai hannu ya kai ga bulala don ita ce mafi kusa. Yarinya ɗaya, jinina, mai kwana ɗaki ɗaya da ni, ta ci mini makonni kafin in ji jimla guda daga bakinta. Ina zan samo wa sauran wannan lokacin? Wannan tambayar nake kwana da ita nake tashi da ita.

Sai ga wata ta taso. Zulai ta fita takaba, mahaifinta ya zo daga Fammar zai tafi da ita gida. Aka zauna a zauren Baffa Sule, ƙanen Baba. Baffa ya ce ƙanen Nafisa ya bi uwarsa tunda bai yi wayo ba, Nafisa kuwa a gidan ubanta za ta zauna, ga kakarta, ga gwaggonta malama. Inna ta ce haka ne. Zulai ta sunkuyar da kai, ba ta da bakin musu a gaban surukai, amma na ga yadda take murza gefen hijabinta.

Yaya, babu wanda ya kai ni son ta zauna. Ita ce abin da ya rage mini naka da nake gani kullum. Kuma ni na san inda ciwonta yake, a hannuna ta fara magana. Amma duk abin da na karanta da duk abin da na gani da idona sun nuna mini abu guda: yarinyar da take ganin ita ta jawo tafiyar ubanta, in ta wayi gari uwarta ma ta tafi ta bar ta, za ta ce hukuncinta ne. Na nemi izini na yi magana. Na ce, "Baffa, ta rasa uba. Kada mu mayar da ita marar uwa alhali uwar na raye." Baffa ya dube ni ya ce, "Karatun naki ne ya ce ki ba da 'yar ɗan'uwanki?" Na ce, "Ba bayarwa ba ce, Baffa. Fammar ba nisa." Aka daɗe ana ja. A ƙarshe ya kakkaɓe rigarsa ya ce in abin ya ɓaci a kaina yake.

Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da baki. Har yanzu in ta ga tabarmar nan a jingine sai ta kawar da kai.

Ranar tafiya aka ɗora kayansu a adaidaita sahu. Nafisa ta shiga ta zauna a jikin uwarta, ta riƙe mata hannu gam. Da za su tashi ta leƙo ta ce, "Gwaggo, za ki zo?" Na ce zan zo.

Na je a makon jiya. Na hau acaɓa bayan na nemi izini a makaranta. Na sami malamar sabon ajinsu, matashiya ce, ba ta daɗe da fara aiki ba. Na ja ta gefe na ba ta labari, na roƙe ta kada a dake ta, kada a tsare ta da tambaya a gaban yara. Ta ce in sha Allahu, amma na ga idonta na kan ajin da ta baro yana ta hayaniya. Ban ga laifinta ba.

Kafin in tafi na tsaya a jikin taga ta baya inda Nafisa ba za ta gan ni ba. Malamar ta rubuta lissafi a allo ta ce wa zai faɗa. Yara suka ɗau ihu, kowa na ni, Malama, ni. Ina kallon 'yarka a layi na uku. Leɓenta ya motsa, ta san amsar. Sai na ga hannunta ya baro cinyarta a hankali, ya ɗago har daidai kafaɗa, ya tsaya a nan. Malamar tana duban ɗaya gefen, ta kira wani yaro. Nafisa ta mayar da hannun ta cusa shi a cikin hijabi.

Ya ɗago, Yaya. Rabin ɗagowa ne, kuma ba wanda ya gani sai ni. Har muka iso Kibiya ina share hawaye a bayan mai babur, ban san na murna ne ko na tsoro ba. Ban san ko gobe zai sake ɗagowa ba, ban san ko in ya ɗago za a gan shi ba. Ban ma san ko na yi daidai da na bari ta tafi ba.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana Auwalu, Ka gafarta masa, Ka haskaka ƙabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa tare da Baba. Ka buɗe ƙirjin marainiyarsa, Ka warware ƙullin da ke harshenta. Ka ba Zulai haƙuri, Ka sanyaya zuciyar Inna a kaina. Mu kuma da aka damƙa wa 'ya'yan mutane, Ka ba mu idon ganin su. Amin.

Ka huta lafiya, Yaya.

Ƙanwarka mai kewarka kullum,
Sa'adatu
Kibiya